Fuskata ta yi ja bayan shafa man asid kuma ta ƙi komawa daidai

Maman_Haidar:
Salam 'yan uwa don Allah a taimaka min. Na fara shafa tona (ruwan da ake shafa wa fuska bayan an wanke ta) mai gilaikolik asid saboda tabon ƙuraje, da daddare kuma ina ɗora ritinol (man da ke sabunta fata) a kai, to yanzu kumatuna da gefen hanci sun yi jajir, ko ruwa na sa sai raɗaɗi, fatar sai sheƙi take tana saɓa. Na dakata amma jan ya ƙi tafiya. Wata ta ce min wai datti ne ke fita in ci gaba, haka ne?

Anti_Bilki:
Wa alaikis salam. Wane datti kuma? Kar ki sake ki ci gaba ƙanwata, ƙuna ce. Asid ɗin yana sassauta matattun ƙwayoyin saman fata ne su zube, in ya yi yawa sai ya cinye har da maiƙon da ke riƙe mata ruwa, shi ya sa komai kika shafa yake shiga kai tsaye ya yi zafi. Gilaikolik kuma duk cikin dangin AHA, wato irin asid ɗin nan masu zubar da matacciyar fata, shi ya fi ratsa fata saboda ƙanƙantar ƙwayarsa, ga ritinol a kai dare ɗaya, ai dole. Ki ajiye su duka har da sabulun dirza da duk mai ƙamshi, ki wanke da ruwa mara zafi, ki nemi mai mai seramayid (maiƙon da ke riƙe wa fata ruwa) ko ki shafa basilin kaɗan. Yawanci sai an yi sati 2 zuwa 4 take farfaɗowa, jan kuma yakan fi haka daɗewa.

Zee22:
Ni rana nake jiye miki. AHA na sa fata saurin ƙonewa har kusan mako guda bayan an daina, kuma mai duhun fata da zarar jan ya lafa sai wurin ya koma baƙin tabo wanda ke ɗaukar watanni. Man kariyar rana SPF 30 ko sama kullum da safe, ko ana hadari.

Maman_Haidar:
Na gode Allah ya saka. Akwai man sitiroid (na kwantar da kumburi da ƙaiƙayi) a gida in shafa?

Abu_Sadiq:
Hajiya a'a sai likita ya ce. Zai kwantar da jan nan take amma in aka daɗe ana sa shi a fuska yana sirantar da fata, ana dainawa kuma jan ya dawo fiye da da. In kin ga kumburi ko wurin ya yi ruwa ko mugunya, kar ki jira, ki ga likitan fata. Ki duba kwalbar tonar ma, kashi nawa na asid aka rubuta? Na shafawa a gida bai kamata ya wuce kashi 10 cikin 100 ba.