Wai mu ne maroƙa?

Ɗan Fagge: Jama'a, tun daren Asabar raina a ɓace yake. Shekarata shida ina rawar burek, wato breakdance, wuyan hannuna na dama har yau ba ya lanƙwasuwa sosai saboda tsayuwa da hannu ɗaya a kan siminti. An gayyace mu bikin wani abokina, muka shimfiɗa leda, ƙanena ya kafa kai a ƙasa yana juyawa, wuri ya kaure da tafi. Muna fitowa kawun ango ya zaro dubu biyu ya ce a ba maroƙan nan. Ni na tsaya a kan cewa burek wasan motsa jiki ne kamar dambe. A 2024 an yi gasarsa a Olamfik ta birnin Faris, Phil Wizard na Kanada ya ci zinare a maza, Ami 'yar Japan a mata. Wane maroƙi aka taɓa rataya wa zinare?

Mai Shayi: Ka karɓi dubu biyun ko ba ka karɓa ba?

Ɗan Fagge: Ƙanena ne ya karɓa.

Mai Shayi: To ai magana ta ƙare.

Jikan Makaɗa: Dakata, Ɗan Fagge. Me ke cikin kalmar maroƙi da ta ƙona ka haka? Kakana da kalangu a hammata ya ciyar da gida, ya aurar da 'ya'ya, har Makka ya je. Ka zo neman a tausaya maka, kuma kana taka iyayen wasu.

Uwar Biyu: Malam, makaɗi daban, maroƙi daban. Kakanka kiɗa yake yi. Maroƙi shi ne mai bin makaɗi yana kirari yana kwarzanta masu kyauta.

Jikan Makaɗa: Hajiya, ki tambayi manya. A ƙasar Hausa duk mai rayuwa da liƙi gidan roƙo ake lissafa shi. Shata ma bai tsira daga wannan suna ba, duk da digirin girmamawa da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi.

Bakatsine: Kar ka sake ka sa Shata a wannan layi. Wallahi kar ka sake.

Ɗan Jos: Kullum Shata. Ɗan Maraya da kuntiginsa shi kaɗai ya zaga duniya, amma ba kwa ambatonsa saboda ba naku ba ne.

Bakatsine: Wa ya kira Jos a nan?

Baban Koroso: Duk ku bar wannan. Abin da yaran nan ke yi ai koroso ce aka kai Amurka aka cire mata kacau-kacau. Tun muna yara ake alkafura a Kano.

Ɗan Fagge: Baba, ina girmama ka, amma ba haka ba ne. A unguwar Bronx ta New York abin ya tashi. DJ Kool Herc, haifaffen Jamaika, wanda ya yi kiɗa a wani casu ranar 11 ga Agusta 1973, shi ne ya riƙa maimaita gaɓar da ganga ke tashi ita kaɗai, da faifai biyu iri ɗaya. Wannan gaɓar ce burek, masu shiga fili a lokacinta suka gaji sunan.

Baban Koroso: To mutanen Jamaikan daga ina aka kwashe kakanninsu?

Uwar Biyu: Baba, wannan ba hujja ba ce.

Mai Shayi: Kuma an ce babu burek ɗin a Olamfik ta 2028 ta Los Angeles. Ashe su ma sun gane.

Jikan Makaɗa: Ni dai har yanzu ina jiran ya janye maganarsa a kan maroƙa.

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da muka fahimta: kalmar maroƙi ba zagi ba ce, Ɗan Fagge ya yi gaggawar fushi da babba. An kuma nuna cewa rawar tana da jini da koroso, wadda mu Kanawa muka riƙe. Batun Shata da Ɗan Maraya a bar shi sai wani jiƙon.

Ɗan Fagge: Ranka ya daɗe, wa ya nuna? Ni tambayata ɗaya ce, wasa ne ko ba wasa ba, kuma ba wanda ya taɓa ta.