"Sannu sannu kwana nesa": yabo ne ko baƙar magana?

Mai Lura: Assalamu alaikum. Magana ce ta haɗa ni da yayana, na ce bari in kawo ta gaban manya. Wani sha'ani ya kai mu wani babban birni, aka gama da wuri, muka samu yini guda ba abin yi. Shi so yake mu ɗauki mota mu zaga duk wuraren da ake faɗa, a ɗauki hoto a wuce. Ni na ce da ƙafa zan taka. A bayan tashar jirgin ƙasa na tsaya kallon tsattsewa suna shiga ƙarƙashin gada da laka a baki, suna gini, motoci na ruri a samansu, su ko a jikinsu. Ya gaji da jira ya ce, "To, sannu sannu kwana nesa!" ya yi gaba. Ni a sanina mai haƙuri ake yabo da ita, amma yadda ya jefo ta, wallahi gatse ne. Fuska biyu gare ta ne?

Malam Na-Gefe: Wa alaikumus salam. Fuska ɗaya gare ta. Matafiyin da bai ƙure dabbarsa da safe ba shi ke yin nisa kafin dare. Yayanka ya sa ta ne a baibai.

Sarkin Tsokana: Allah gafarta Malam, nesa da ina? Nesa da gida, ko nesa da inda za shi? Don na san masu sannu sannun da har yau a hanya suke kwana.

Uwar Biyu: Ai shi ya sa na fi yarda da ɗayar: sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ita ba ta ɓoye asarar. Amma Mai Lura, duka biyun na mai zuwa wani wuri ne. Kai ina za ka? Ka tsaya kallon tsuntsu ne. Wanda ba shi da masauki a gaba, ba a ce masa ya makara, ba a ce masa ya yi nisa.

Ɗan Alƙaluma: Hajiya, saurin ma ba daga mutum kaɗai yake ba, birnin ne ke kora shi. A 2007 wani masanin halayyar ɗan Adam na Ingila, Richard Wiseman, ya sa aka auna tafiyar mutane a birane 32. A Singafo ana cinye mita 18 cikin ƙasa da daƙiƙa 11, a Blantyre ta Malawi kuwa sai an haura 30. Har tsuntsayen abin ya shafa. A Leiden ta Holan, binciken 2003 ya nuna wasu ƙananan tsuntsaye na ƙara siririn murya a unguwanni masu hayaniya don a ji su. Da aka kulle gari saboda korona a 2020, na San Faransisko ta Amurka suka sassauta murya, kuma duk da haka ana jin su daga nesa fiye da da.

Sarkin Tsokana: To ga shi, har tsuntsu ya san in an yi shiru ba sai ya ɗaga murya ba. Saura masu jiniya.

Jikar Inna: Ku bari in ba ku labarin kakata, Allah ya ji ƙanta. An kawo ta birni aikin ido, aka yi wa na dama, likita ya ce ta riƙa ɗan tattaki da yamma. Ni aka haɗa da ita, ina budurwa a lokacin, kunya duk ta ishe ni, don Inna tafiyar hawainiya take yi, mutane na kauce mana suna tsaki. Rannan muna gindin wata gadar sama ta ja ta tsaya, ta ɗaga sandarta. Can sama, a wata tsaga ta siminti, ga ɗan tsiro mai ganye huɗu ko biyar, kore shar, saiwarsa sirara na lalube a jikin bango. Ta ce, "Ceɗiya ce. Wa ya shuka ta?" Na ce iska. Ta ce iska ba ta ɗaukar wannan, cikin tsuntsu ko jemage ta biyo, kuma tunda ta biyo, uwarta na kusa. Sai mu nemo ta.

Na ce Inna, a garin nan da ko direbobi ke ɓacewa? Ta ce ba ruwanta da direba. Kullum da la'asar sai mu fita, ta tsaya a bakin titi tana kallon inda tsuntsaye ke nufa, mu bi layi ɗaya, gobe mu ƙara wani. Tana duba ƙasa kuma, wai kashin tsuntsu mai ƙananan ƙwayoyi take nema a kan dakali da gilashin motocin da aka ajiye. Wani mai gadi ya ɗauka kuɗi ta yar, ya taya mu dubawa.

Muka same ta a bayan wani tsohon gini da aka daina amfani da shi, ta rungume katangar har ba ka gane ina bulo ya ƙare ina itace ya fara. Taku kaɗan ne daga babban titi, amma ƙarar motoci ta koma can ƙasa-ƙasa, kana jin 'ya'yan suna faɗowa ɗaya-ɗaya a kan kwano. Inna ta zauna a kan saiwa ta cire takalmi. Ba ta ce komai ba har jemagu suka fara tashi. Da muka miƙe sai ta ce, "Yau na san garin." Alhali ko kasuwarsa ba ta taɓa shiga ba.

Malam Na-Gefe: Allah ya gafarta mata. Ka ga hujjata. Ta bi a sannu ta isa.

Uwar Biyu: A'a Malam, hujjata ce. Ba ta yi nisa ba, kewaye unguwa ɗaya ta yi ta yi.

Baba Mai Ritaya: 'Yata, kin tabbata ceɗiya ce ba durumi ba? Wanda ke fasa gini haka, mai ganye da ɗan tsini, ni durumi na sani.

Jikar Inna: Baba, Inna ta ce ceɗiya, kuma da ido ɗaya ta gane ta. Ba ni na isa in yi mata gyara ba.

Sarkin Tsokana: Allah ya sa dai wani mai girma bai ga bishiyar ba. Da yanzu an sare ta an kafa allo mai hotonsa, an rubuta "za mu shuka miliyan ɗaya". Akwai wanda ya dasa ɗaya gaban 'yan jarida, aka zuba mata ruwan gora, ruwanta na ƙarshe ke nan a duniya.

Ɗan Alƙaluma: Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A Seoul ta Koriya ta Kudu sun rushe titin sama a 2003 suka buɗe rafin da aka binne a ƙarƙashinsa, aka gama a 2005, yanzu mutane na zama a bakinsa, kifi da zalɓe sun dawo. A Alƙahira, lambun Azhar da aka buɗe a 2005 juji ne na ɗaruruwan shekaru.

Sarkin Tsokana: Shekara biyu kacal? Ashe ba su san karin maganar ba. Namu titin shekara takwas ana sannu sannu, kuɗin ne kawai ya kwana nesa.

Mai Lura: Jama'a, har yanzu ba a ce min komai kan yayana ba. Na tura masa labarin Inna, ya ce hangen Dala ba shiga birni ba ne, wai ni da ita duk hange muka yi.

Uwar Biyu: Shi da ya gani ta gilashin mota fa?

Baba Mai Ritaya: Ni dai a turo hoton ganyen. In da tsini a bakinsa, durumi ne.

Jikar Inna: Baba, wayar da nake riƙe da ita a lokacin tocila kawai gare ta.