Neman kalma: me za mu kira "greenwashing" da Hausa?

Jama'a, akwai wata kalmar Turanci da ke yawan fitowa a labaran muhalli da na kamfanonin mota, kuma har yau ba mu tsayar mata da Hausa ba: greenwashing, wato kamfani ya riƙa nuna kishin muhalli a fili alhali aikinsa ya saɓa wa hakan. Wani ya ce yaudara, wani ya kewaye ta da doguwar jimla. Ina so mu tsayar da magana ɗaya, domin abin da ba shi da suna a harshenka, da wuya ka kama mai yin sa.

Wani ɗan rajin kare muhalli a Amurka, Jay Westerveld, shi ya ƙirƙire ta a 1986. Yana magana ne a kan otal-otal da ke roƙon baƙi su maimaita amfani da tawul wai don a ceci muhalli, alhali kuɗin wanki suke ragewa. Kore (green) a wurin Turawa alamar kishin muhalli ne, shi ya sa launin ya shiga cikin kalmar.

Amma kafin mu zaɓi kalma, mu dubi aikin da kansa, kuma babu misalin da ya kai na Volkswagen. Kamfanin ya shafe shekaru yana tallar motocinsa masu amfani da dizal a Amurka a matsayin masu tsaftataccen hayaƙi. A wani nazari da aka fitar a 2014, wasu masu bincike na Jami'ar West Virginia suka ɗaura na'urar auna hayaƙi a jikin motocin, suka hau titi da su maimakon su tsaya a ɗakin gwaji. Abin da ya fito daga salansa ya saɓa wa abin da ke takarda nesa ba kusa ba. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ta fasa ƙwai: an dasa wata manhaja a kwamfutar injin da ke gane lokacin da ake gwada motar. Idan tayoyi na juyawa amma sitiyari bai motsa ba, ta san tana gaban masu bincike, sai ta kunna duk abin da ke tace hayaƙi. Da ta koma kan titi sai ta sassauta, iskar naitirojin oksayid mai tayar da asma da cutar da huhu ta riƙa fita har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Kamfanin ya amsa cewa motoci kusan miliyan 11 a duniya na ɗauke da manhajar. Shugabansa, Martin Winterkorn, ya sauka cikin kwanaki, a 2017 kamfanin ya amsa laifi a gaban kotun Amurka, kuma abin da badaƙalar ta ci masa ya haura Yuro biliyan 30.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yawa daga masu sayen motocin sun saya ne da niyyar rage cutar da iskar da 'ya'yansu ke shaƙa. Da kyakkyawar niyyarsu aka cuce su.

To, wace kalma ce za ta ɗauki wannan? Wasu sun ce "wankin kore". Ban yarda ba. A kunnen Bahaushe wanki cire datti yake yi, ba ya ɓoye shi. Sannan a rubuce "kore" na iya zama korar abu, mai karatu sai ya tsaya yana laluben ma'ana.

"Kwaskwarimar muhalli" ta fi daɗin faɗa, kuma duk wanda ya taɓa shiga wurin dillalan mota ya san kwaskwarimar da ake yi wa tsohuwar Golf kafin mai saye ya iso. Matsalarta ita ce mun riga mun ba ta aikin kirki. Kullum muna jin an yi wa kasafin kuɗi ko kundin tsarin mulki kwaskwarima, ba tare da zargin kowa ba. Idan aka ce Volkswagen ya yi kwaskwarimar muhalli, wani zai ɗauka gyara ya yi.

"Rufa-ido" ta kama niyyar zamba, sai dai ta yi faɗi, duk wata dabara ta shiga ciki. "Musa a baki, Fir'auna a zuci" kuwa daidai take da halin, amma ba ta shiga kanun labari.

Ni abin da na tsaya a kai shi ne "tsaftar ganin ido". Mun san aikin ganin ido: wanda ake yi muddin ana kallo, a daina da an juya baya. Haka motar nan take yi, ba ƙari ba ragi. Kalmar ba ta buƙatar bayani ko ga wanda bai taɓa jin Turancin ba, kuma tana zama a jimla cikin sauƙi: "An ci tarar kamfanin saboda tsaftar ganin ido." "Wannan talla tsaftar ganin ido ce." Inda maganar ba ta hayaƙi ko datti ba ce, kamar kamfanin da ke dasa 'yan bishiyoyi a gaban 'yan jarida yana ci gaba da ɓarna a bayan fage, sai a buɗe ta a ce "kishin muhalli na ganin ido".

Sai dai a kiyaye wurin amfani da ita, kada ta zama zagin da ake jifan kowa da shi. A 2021 Volvo ya yi alƙawarin nan da 2030 motocin lantarki zalla zai riƙa sayarwa, a 2024 ya fito fili ya sassauta alƙawarin. Wannan janye magana ce, ana iya sukar sa a kanta, amma a bainar jama'a ya yi. Tsaftar ganin ido sai an haɗa abu biyu: iƙirarin tsafta a fili, da ɓoye akasinsa da gangan.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke cin karo da kalmar ta Faransanci, me kuke ce mata a rediyonku? In kuna da wadda ta fi wannan kama ma'anar, ku kawo mu gwada ta a kan labarin Volkswagen.