Kakar Galatasaray ta 2024/25: Osimhen ne ya ɗauko su ko dai gasar ce ba ƙarfi?

Ɗan Blues na Fagge ya rubuta:

Salam jama'a, tambaya gare ni ga masu bin ƙwallon Turkiyya, don ni gaskiya in ba Firimiya ko gasar Zakarun Turai ba, ba na zaman kallo. Na ga Galatasaray sun sayi Osimhen dungurungum a kan Yuro miliyan 75, kuma ko'ina ka leƙa sai zuzuta kakar da suka yi ake, wai sun ci lig sun ci kofi, shi kuma ya zura ƙwallo 37. To abin da nake so na gane shi ne, ƙungiyar ce ta yi kyau da gaske ko kuwa shi kaɗai ne ya goya su, ko ma dai gasar ce ba ƙarfi kowa ya je zai ci ƙwallo? Kuma su waye suka saya banda shi, don ban taɓa jin an yi maganar kowa ba sai shi. Ni ɗan Chelsea ne, har yau yadda cinikin Osimhen zuwa Chelsea ya watse a ranar ƙarshe ta kasuwar bazarar 2024 yana min ciwo, amma ba da wata manufa na yi tambayar ba, sani nake so.

Cimbom Arewa ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari na fara da cewa kakar nan ba da daɗi ta fara ba ko kaɗan, mutane sun manta ne kawai saboda ƙarshenta ya yi kyau. Farkon watan Agusta 2024 Besiktas ta yi musu 5 da nema a kofin Super Cup, biyar fa, kuma su ne masu riƙe da kofin lig. Ba a gama jimamin wannan ba Young Boys ta Suwizalan ta fitar da su a wasan share fagen shiga Zakarun Turai, ta ci su 3-2 a can ta zo har gida ta ƙara musu 1-0. A lokacin ana ta cewa kujerar koci Okan Buruk na rawa duk da ya ci musu lig sau biyu a jere. Ana cikin haka kuma suka sayar da Kerem Akturkoglu ga Benfica, Zaha ya tafi aro Lyon.

To a nan ne maganarku ta shigo, kai da kake ɗan Chelsea. Kasuwar Ingila da Italiya ta rufe ranar 30 ga Agusta, ciniki da ku bai faɗa ba, Al-Ahli ta Saudiyya ta juya ta ɗauki Ivan Toney, Conte, kocin ƙungiyarsa Napoli a lokacin, kuma ya riga ya kawo Lukaku ya ajiye Osimhen a gefe. Ita kuwa kasuwar Turkiyya sai cikin Satumba take rufewa, shi ne Galatasaray suka lallaɓa suka karɓe shi aro na shekara ɗaya, ya saka lamba 45.

Amma cewa shi kaɗai ne, a'a. Ɗan wasan da ni na fi ganin ya gyara musu tsakiya shi ne Gabriel Sara, ɗan Brazil da suka sayo daga Norwich, ka ji Norwich sai ka raina, amma ƙafar hagunsa ce ke buga musu kwana da firikik, shi da Torreira suka riƙe tsakiyar nan kamkam. Wasan hamayya na farko da Fenerbahce a watan Satumba, a gidan Fenerbahce ɗin, 3-1 aka tashi, kuma ka duba waɗanda suka ci: Torreira, Mertens, Sara. Osimhen bai ci ba ranar, shi ne dai ya sauke wa Mertens ƙwallon da ƙirji. Ga Baris Alper Yilmaz da ba ya gajiya da gudu, ga Yunus Akgun da ya dawo daga aro a Leicester ya zama wani abu daban, a baya kuma Davinson Sanchez, wanda 'yan Tottenham suka gaji da shi, a can ya zama katanga.

Inda Osimhen ya zama dole shi ne daga watan Nuwamba. A wasan Europa da suka doke Tottenham 3-2, shi ya ci biyu, amma a daren ne ɗan gabansu Icardi ya ji ciwo a gwiwa, jijiya ta tsinke, kakarsa ta ƙare nan take. Daga ranar duk nauyin cin ƙwallo ya dawo kansa kuma bai kasa ba. A lig ya ci 26, ya fi kowa, na biyunsa Piatek na Basaksehir yana da 21. A duka gasanni 37, ya wuce 34 da Mario Jardel ya ci wanda shi ne tarihin baƙon ɗan wasa a kaka ɗaya a ƙasar. Wasa 36 suka buga a lig, suka ci 30, canjaras 5, sau ɗaya tak aka ci su, shi ma Besiktas ce dai 2-1 a watan Maris. Maki 95, Fenerbahce na biye da 84. Wanda ya ba na biyu tazarar maki 11 ai ba a ce mutum ɗaya ne ya yi aikin ba, sai dai a ce shi ne ya fi kowa.

Baban Special One ya amsa:

Kai Cimbom ka iya tsara zance wallahi, amma ka tsallake Turai ka yi kamar ba ka gani ba. Malam mai tambaya, in kana so ka auna ƙungiya kada ka auna ta a gidanta, ka duba abin da ta yi da ta fita waje. Waɗannan da ake cewa sun yi kakar tarihi sun yi 2-2 da RFS ta Latbiya bayan suna gaba da ci biyu, sun yi 2-2 da Malmo, sun yi 3-3 da Dynamo Kyiv a gidansu, Ajax ta ci su, sannan AZ Alkmaar, ƙungiyar da yawanci yara ne, ta yi musu 4-1 a Holan, aka zo Istanbul aka yi 2-2, shi kenan an yi waje da su tun watan Fabrairu. Tottenham ɗin da suke tinƙaho da ita kuma ita ce ta je ta ɗau kofin. To ina ƙarfin yake?

Sannan a yi maganar alƙalanci mana. A watan Fabrairu Adana Demirspor ficewa suka yi daga fili ana cikin wasa, wajen minti 30, saboda fenaretin da aka ba Galatasaray a kan faɗuwar Mertens wanda Morata ya buga ya ci, daga baya aka rubuta wa Galatasaray 3-0 a kan teburi. Ka taɓa ganin haka a Firimiya? Abin ya kai sai da aka ɗauko alƙalin wasa daga waje, Slavko Vincic ɗan Sulobeniya, ya busa wasan hamayya na biyu da Fenerbahce, kuma da baƙo ya busa me aka tashi? 0-0. Ni dai ban ce an saya musu kofi ba, amma Mourinho, kocin Fenerbahce a lokacin, bai yi ƙarya ba da yake ta ƙorafi tun farkon kaka.

Cimbom Arewa ya amsa:

Baba ai na san za ka zo. Maganar Turai na yarda, bayansu yoyo yake yi in suka haɗu da masu gudu, kuma fita a hannun AZ abin kunya ne, ba wani kwana-kwana. Amma tunda ka kawo Mourinho, ka ƙarasa labarin mana. Ranar 2 ga Afrilu a kofin ƙasa, zagayen kwata fainal, a filin Fenerbahce, Osimhen ya zura biyu aka tashi 2-1, ogan naku ya rasa abin yi ya bi Okan Buruk ta baya ya matse masa hanci a gaban kyamara har aka dakatar da shi wasa uku. Shi ma rafali ne ya sa shi? Kuma Fenerbahce ɗin ita ma AZ ta ci ta a gasar Europa ɗin, Rangers ce ta fitar da ita da fenareti. Kun kashe kuɗi kun kawo En-Nesyri, ga Dzeko ga Tadic ga Talisca a Janairu, wasa uku kuka yi da su ba ku ci ko ɗaya ba. Tun 2014 rabonku da lig, kowace shekara rafali ne?

Ɗalibi a Istanbul ya amsa:

Ni ba na bayan kowa a cikinsu, karatu ya kawo ni garin, amma bari na faɗa muku abin da ba a gani a talabijin. Mutanen nan ƙwallo a wurinsu ba wasa ba ce. Galatasaray tana ɓangaren Turai na birnin, Fenerbahce tana Kadikoy a ɓangaren Asiya, ranar wasansu in ka shiga jirgin ruwan da ke tsallaka mutane za ka ga kowa da kalar rigarsa ba mai yi wa wani murmushi. Na je filinsu kallo, jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa za ka hau ka sauka a Seyrantepe, kuma tun a cikin jirgin ake fara waƙa ana dukan rufi da hannu. Tikiti ba a ƙofa ake saya ba, sai kana da kati na musamman da ake kira Passolig mai ɗauke da hotonka. Filin yana cin mutum sama da dubu 50 kuma abin da ya fi ba ni mamaki shi ne fito, duk sanda baƙi suka taɓa ƙwallo gaba ɗaya filin ke ɗaukar fito har sai kunnenka ya yi zafi, na kusa da kai ma ba ka jin me yake cewa. Yara ƙanana kuwa duk sun saka baƙin takunkumin fuskar nan irin na Osimhen, a bakin fili ake sayar da shi tare da gyale.

Kuma mu baƙaƙen fata mun ga canji, da in ka ce daga Najeriya kake tsofaffi Okocha da Uche suke kira maka saboda Fenerbahce, yanzu mai shayi ma da ya ji Najeriya sai ya ce Osimhen ya dafa ƙirji. Wani mai shago a Laleli, inda 'yan kasuwarmu ke sarin kaya, sai da ya rage min kuɗin jaka saboda haka kawai.

Game da ƙarfin gasar, a ganina ba ta kai Firimiya ba kuma ba kusa ba, manyan uku na Istanbul da Trabzonspor sun fi sauran kuɗi nesa ba kusa ba. Amma ba ta da sauƙi yadda ake zato, ana duka sosai, wasu filayen ba kyau, tafiya da nisa ga sanyi. Ahmed Musa ya buga a Fatih Karagumruk daga 2021 sannan ya koma Sivasspor kafin ya dawo Kano Pillars, ku duba ƙwallo nawa ya ci a can za ku gane ba kowa ke zuwa ya yi ta zurawa ba. Shi kansa Morata da aka kawo aro daga AC Milan a tsakiyar kaka bai yi wani abin a zo a gani ba.

Mai Lissafi ya amsa:

Tambayarka ta biyu ba a amsa ta sosai ba, wato cinikin 'yan wasa. Gaskiya in ka cire Osimhen da Sara, kasuwar tasu rabi da rabi ce. Batshuayi sun ɗauke shi kyauta daga Fenerbahce don su ƙona musu rai, wata shida ya tattara ya tafi Frankfurt. Jelert da aka kashe kuɗi aka sayo daga Copenhagen don ya riƙe baya ta dama bai zauna ba, ƙarshe Sallai da aka sayo daga Freiburg a matsayin ɗan gaba shi aka riƙa mayarwa can. Ziyech ya ɓata da su ya tafi Katar a Janairu. Cuesta da aka kawo daga Genk bai gamsar da kowa ba. Wanda ya yi amfani a cinikin tsakiyar kaka shi ne Lemina daga Wolves, zuwansa ne ya sa tsakiya ta yi nauyi suka daina shan ƙwallo barkatai a ƙarshen kaka, sai Eren Elmali daga Trabzonspor a hagu.

Ƙarshen kuwa ya yi musu kyau, ranar 14 ga Mayu suka ci Trabzonspor 3-0 a wasan ƙarshe na kofin ƙasa a Gaziantep, Osimhen biyu, bayan kwana huɗu suka ci Kayserispor 3-0 suka ɗau lig na 25. Ranar har gola Muslera aka ba fenareti ya buga ya ci, don an san bankwana yake bayan shekara 14. A can duk kofi biyar tauraro ɗaya ake ɗorawa a saman tambarin riga, shi ya sa kake ganin taurari biyar a sabuwar rigarsu, su kaɗai ke da hakan a hukumance.

Abin da ni ke damuna shi ne miliyan 75 ɗin. Kafin wannan, ɗan wasa mafi tsada da wata ƙungiyar Turkiyya ta taɓa saya bai kai miliyan 20 ba lokacin da Fenerbahce ta ɗauki En-Nesyri, ka ga kusan ninki huɗu kenan, ga albashin miliyan 15 a shekara banda sauran alawus, kwantiragin shekara huɗu, ga Sane da suka ɗauko daga Bayern shi ma ba ƙaramin albashi zai ci ba, alhali kuɗin shigarsu yawanci da Lira ne wadda kullum faɗuwa take, biyan kuma da Yuro. Lig sun riga sun ci sau uku a jere, biyu daga ciki ma babu shi. Don haka ba don Kayserispor aka kashe wannan kuɗin ba, don Zakarun Turai ne, tunda a kakar 2025/26 kai tsaye suka samu shiga ba share fage. In suka sake yin irin ta AZ, to a nan ne za a yi ta.

Ɗan Blues na Fagge ya amsa:

Na gode ƙwarai jama'a, yanzu na gane. Ashe ƙungiyar da sauƙinta a gida, waje ne matsala, kuma gola Muslera ya tafi, Mertens ma ya ajiye takalmi. Cimbom wa za su saka a raga ne a kakar 2025/26? Sannan in Icardi ya warke ya za a yi, su biyu za a haɗa a gaba ko ɗaya zai ci benci? Na ji Ndidi ma ya koma Besiktas, kenan dole na roƙi mai gidan kallonmu ya riƙa saka mana wasan Turkiyya ko da a ƙaramar talabijin ɗin gefe ce.