Me ya sa ƙwayoyin sankara ke shan sukari kamar ba gobe?

Hauwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Jarrabawar bayokemistiri ta matso, kuma akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Ƙwaya mai lafiya tana ƙona sukarin gulukos a maitokondiriya (sashen ƙwaya mai samar da makamashi) ta samu ATP (sinadarin da ke ɗauke da makamashi) kusan 30, amma ta sankara sai ta tsaya a gilaikolisis (matakin farko na farfasa gulukos), ATP 2 kacal, ta zubar da ragowar a matsayin sinadarin laktet ko da iskar oksijin na nan. Maitokondiriyarta ta mutu ne?

Malam Sani:
Wa alaikumus salam, ƙanwata. Haka Otto Warburg, Bajamushen da ya lura da wannan a shekarun 1920, ya ɗauka. An gano daga baya cewa a yawancin sankara maitokondiriya na aiki. Ƙwayar da ke rabuwa ba dare ba rana tana buƙatar kayan gini, wato kitse da sinadaran DNA, kuma gilaikolisis mai sauri ke samar mata da su. Har inzayim (furotin mai hanzarta aikin sinadarai) ɗin hekzokines 2, wanda ke fara gilaikolisis, yakan manne a bangon maitokondiriya ya karɓi ATP tun daga tushe.

Bashir:
Malam, amma akwai inda Warburg ya yi gaskiya. Lalacewar inzayim ɗin fumaret haidiretes, da ke aiki a maitokondiriya, na jawo wata sankarar ƙoda ta gado.

Malam Sani:
Haka ne, ɗana. Amma irin waɗannan sankarar su ne 'yan tsiraru.

Hauwa:
Na gode. Ashe kwaɗayin sukarin nan ne hoton PET, wanda ake ɗauka a asibiti don gano sankara, ke kamawa.