Kotizasiyon ɗin CNPS, da Hausa me za mu kira shi?

Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya ina zaune a shagon kawuna a babbar kasuwar Garwa ina ta ƙoƙarin in fahimtar da shi zancen CNPS, hukumar fanshon ma'aikata ta nan Kamaru, wato yanzu ɗan kasuwa ma zai iya yin rajista da kansa ba sai ma'aikacin kamfani ba, tun 2014 aka buɗe wannan ƙofar, sai na ce masa kawu kowane wata za ka riƙa biyan kotizasiyon, ya dube ni ya ce wani sabon haraji ne kuma? Daga nan ya rufe maganar. Wallahi abin ya dame ni, kawu ya kusa hamsin, ba shi da komai a ajiye sai kayan shago. Retret dai mun saba da ita, 'yan Najeriya na cewa ritaya da fansho kuma kowa na ganewa, amma kuɗin da ake biya duk wata ɗin nan ba mu da sunansa. Dan Allah a taimaka.

Wani malamin makaranta daga Marwa:
Wa alaikumus salam. Ni gudummawa nake cewa, haka na ji ana faɗa a rediyo.

Ni:
Malam Allah ya ƙara basira, amma gudummawa ai ta biki ce ko ta gobara, ka bayar ka manta. In na ce wa kawu gudummawa zai ɗauka taimakon gwamnati zai yi da kuɗinsa, alhali abin nan shi zai dawo wa.

Wani mai moto daga Ngaundere:
Toh ku ce ajiya mana ko asusu

Ni:
Na yi tunanin asusu ɗan'uwa. Matsalar ita ce asusu ranar da ka ga dama za ka fasa, wannan kuwa ba haka yake ba, sai ka kai shekara 60, kuma sai ka cika wata 180 kana biya, shekara 15 ke nan, sannan a fara ba ka na wata-wata. Wanda bai cika ba dunƙule ake ba shi sau ɗaya shi ke nan. In muka ce ajiya, gobe mutum ya matsu ya je ya ce a ba shi kayansa a hana shi, zai ce mun yaudare shi, kuma da gaskiyarsa.

Wata uwar adashi daga Garwa:
Ku maza kuna wahalar da kanku. Mu a adashi me muke cewa? Zubi. Kowa ya kawo zubinsa, ba ka ɗauka sai layinka ya zo, in ka tsallake zubi ka ɓata lissafinka. Wannan ma ai haka ne, layin ne kawai ya yi nisa. Ku ce zubin tsufa.

Ni:
Hajiya Allah ya saka da alheri, wlh kin gama magana. Kuma ya dace har ta inda ban zata ba, don kuɗin da masu aiki ke zubawa yau da shi ake biyan tsofaffin yau, in naka lokacin ya zo na bayanka ne za su zuba maka, kamar dai adashi. Ma'aikacin kamfani ana cire masa 4.2 cikin ɗari na albashi, maigidansa ya ƙara 4.2, kaga zubin ma'aikaci da zubin maigida, ya zauna a baki. Mai zaman kansa irin kawu shi zai zuba duka 8.4. In ya ce samunsa jaka 100 ne a wata, wato sefa 100,000, zubinsa sefa 8,400, in ya cika shekara 15 ɗin fanshonsa 30 cikin ɗari ne, wajen jaka 30.

Malamin Marwa:
Na yarda da zubi. Kalmar tsufa ce nake jin wasu za su ƙi, yaro ɗan shekara 25 ba ya son a ambata masa ita. Zubin fansho fa?

Ni:
Duka biyun su tafi malam, a takarda zubin fansho, a kasuwa zubin tsufa. Gobe in sha Allah da safe zan koma wajen kawu da ita, Hajiya in ya ƙi ji ke zan kawo masa.