Jirgin ƙarƙashin ƙasa na neman raba ni da aikina, ku ba ni shawara

Maman 'Yan Biyu:

Assalamu alaikum, musamman mazauna Landan. Watana bakwai da zuwa. Ina aikin kula da tsofaffi a wani gida da ke Ealing, ɗakina kuma yana wajen Newbury Park, don a nan na samu wanda aljihuna zai iya. Ɗaya gabas, ɗaya yamma. Abin da ya sa na karɓi ɗakin shi ne layin Central yana ɗauka ta daga nan har Ealing Broadway ba tare da na sauya jirgi ba.

Ƙarfe 8 ake miƙa aiki, amma a watan nan sau uku ina makara. Ta ranar Talata ce ta tsaya min a rai. Na isa tasha 6:35, gari bai waye ba, sanyi kamar zai cire kunne. Allo ya nuna saura minti 4. Ina tsaye ya koma 9, can sai rubutun ya ɗauke gaba ɗaya. Da jirgin ya iso ya riga ya cika maƙil, da ƙyar na cusa kaina, jakata tsakanin ƙafafuna. Muna wuce Bethnal Green muka tsaya cik a cikin rami. Direba ya yi magana sau biyu, wai jar danja ce ta tsare mu. Minti ashirin muna nan, ga rigunan sanyi a jikinmu, gumi na bin bayana, waya ba sabis balle in kira wajen aiki.

Sai 8:25 na shiga. Matar da ta kwana aiki tana tsaye bakin ƙofa da jakarta a kafaɗa, za ta kai ɗanta makaranta, kuma ba ta da ikon tafiya sai na zo. Ba ta ce min komai ba, da ma ta yi faɗa da ya fi min sauƙi. Akwai wata tsohuwa kuma da ba ta karɓar shayin safe sai daga hannuna, na tarar da kofinta ya huce a gabanta. Manaja ta ce ta rubuta a fayil ɗina. Kun san bizata a jikin aikin nan take, ga yara biyu na bari wajen Umma a Zariya.

Shin haka layin nan yake kullum, ko ni ce na zo a mummunan lokaci? Akwai wata hanya? Kuma ta yaya zan nuna musu ba barci ne ya makarar da ni ba?

Kawu na Leyton:

Wa alaikumussalam 'yata. Kwantar da hankalinki, ba laifinki ba ne. Na fi shekara ashirin ina hawa layin nan, na san halinsa.

Jiragen da ke kansa ƙirar 1992 ne, sun haura shekara talatin suna aiki. Daga ƙarshen 2023 injinan da ke juya ƙafafunsu suka riƙa mutuwa fiye da yadda makanikai za su iya gyarawa, aka wayi gari jiragen da ke fita ba su kai adadin da ake buƙata ba. Shi ya sa kike ganin rata mai tsawo, in jirgi ya zo kuma ya zo a cike. An ware kusan fam miliyan 500 ana sabunta su, ana sauya musu injina, amma kaɗan-kaɗan ake cire su daga aiki a kai gareji, ba abin da zai ƙare yau ko gobe ba ne.

Ki ƙara da wannan: a cikin ramin nan hanya ɗaya ce tak ta zuwa, ɗaya ta dawowa. Ba titin Kaduna ba ne da za a kauce wa motar da ta lalace. Ƙofar jirgi ɗaya ta ƙi rufuwa a Holborn, ko wani ya yanke jiki ya faɗi a cikin tarago, duk na bayansa sun tsaya har Leytonstone. Siginar ma an yi ta ne yadda in ta samu matsala za ta koma ja, gara a tsaya da a yi karo. Ke kuma kina reshen Hainault, a Leytonstone layin ya rabu biyu, wasu jiragen na Epping ne, don haka rabonki ya fi na mai hawa a Stratford ƙanƙanta.

Shawarata, ki daina bin sa har ƙarshe. Ki sauka a Stratford ki hau layin Elizabeth. Ba hawa bene ba sauka, kina fitowa ga shi nan ɗaya gefen dandamalin. A Mayun 2022 aka buɗe shi, taragunsa manya ne, akwai na'urar sanyaya iska, kuma tashoshin da yake tsayawa a tsakiyar gari ba su da yawa. In wanda ya zo iyakarsa Paddington ne, ki hau abinki, ki sauka a Whitechapel ki jira na Heathrow ko na Reading a dandamalin da kika sauka. Sai dai ki duba allo ki tabbata Ealing Broadway na cikin jerin.

Anti Nas:

Kawu ya faɗi gaskiya, amma kada ki ɗauka Elizabeth ɗin ba ya ba da kunya. Daga Paddington zuwa yamma layin dogo ɗaya yake bi da manyan jiragen da ke fita gari, wutarsa kuma ta wayoyin sama ce. A Disambar 2023 wayoyin suka lalace kusa da Ladbroke Grove, mutane suka yi sa'o'i a cikin duhu a jirgi. Ɓangaren da za ki bi ke nan kullum. Abin da nake yi, tun ina kicin nake buɗe manhajar jiragen in ga wane layi ne ke da tsaiko, sannan in zaɓa. Hanya biyu a hannu ta fi ɗaya.

Batun shaida shi ne ya fi damuna, ƙanwata, don na ga yadda ake yi wa masu bizar aiki. Yau ɗin nan ki yi wa katin da kike biyan kuɗin jirgi da shi rajista a intanet, ko Oyster ne (katin jiragen Landan) ko na banki. Zai riƙa nuna ƙarfe nawa kika taɓa kati kika shiga, ƙarfe nawa kika fita. Ranar da aka samu tsaiko ki ɗauki hoton allon tasha da na manhaja, ki tura wa manaja saƙo a rubuce tun kina dandamali, kafin ki shiga rami. A rubuce, ba kira ba. Magana ta baki iska ke tafiya da ita.

Kuma ana mayar da kuɗi. In jirgin ƙarƙashin ƙasa ya ɓata miki minti 15 ko fiye a kan matsalar da daga gare su take, kina da kwana 28 ki nema. Na Elizabeth sai ya kai minti 30. Kuɗin ba wani abu ba ne, saƙon da za su turo miki shi ne abin ajiyewa. Ki nemi na ranar Talatar tun bai wuce ba.

Abu na ƙarshe: 6:35 da kike shiga, minti biyar ne ke sa ki biyan tsada. Daga 6:30 zuwa 9:30 a ranakun aiki farashin cunkoso ake caja. Ki taɓa kati kafin 6:30.

Ɗan Maraɗi:

Hajiya ki sa yajin aiki ma a lissafi. A Satumbar 2025 kwanaki aka yi kusan duk layukan ƙarƙashin ƙasa a rufe. Elizabeth ya yi aiki, amma sai da aka riƙa layi a bakin tasha kafin a shiga. Ana sanarwa tun kwanaki kafin ranar, to ki nemi musanyar aiki da wuri ko ki kwana wajen wata a yamma. Ni a ganina ma ki fara cigiyar ɗaki wajen Southall ko Hayes. Ratsa gari sau biyu kullum bayan aikin awa goma sha biyu zai cinye ki ko da jirgi bai taɓa tsayawa ba.

Maman 'Yan Biyu:

Allah Ya saka da alheri, Ya raya muku zuri'a. Kawu, yau na gwada ta Stratford. Na taɓa kati 6:22, na isa 7:30 har da samun wurin zama daga Liverpool Street. Abin da ke hana ni fitowa da wuri da ma sallar asuba ce, don a sanyin nan sai wajen ƙarfe shida alfijir ke ketowa. Yau na yi alwala a gida, na yi sallata a ɗakin ma'aikata kafin rana ta fito. Matar da ta kwana ta tafi ƙarfe 8 daidai, har ta ɗago min hannu.

Anti, na yi rajistar katin, tafiyar Talata ta fito da lokutanta, gobe zan kai wa manaja a takarda. Maganar ɗaki kuma sai yarjejeniyar hayata ta ƙare a watan Afrilu. In akwai wadda ta san ɗaki a gidan mata wajen Southall, don Allah ta yi min magana ta akwatin saƙo.